Ƙugin amfilifaya: ku daina cire wayar ƙasa

1/ Jama'ar Tambuwal da Kebbe, yau da masu amfilifaya nake: na ɗaki, na shago, na masallaci, har masu sa kiɗa a biki. Akwai wani "gyara" da ya zama ruwan dare a wajenmu, kuma wallahi in ba a bari ba, wata rana rai zai ci. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/ Kowa ya san ƙugin nan. Ka kunna, ba ka sa komai ba, sipika na ta "huuummm". Ka kai wa mai gyara, amsa biyu ce: ko ya ce "Alhaji wutar NEPA ce ba ta da kyau, sayi sitabilaiza", ko ya kwance fulogi ya cire koriyar waya. Ta farko asarar kuɗi. Ta biyu ganganci.

3/ Bari mu fara da mene ne ƙugin. Wutar da Kaduna Electric ke kawo wa jihar Sakkwato, kamar ta sauran Najeriya, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Ta Amurka sau 60. In wannan bugun ya sami kafa ya shiga hanyar sauti, amfilifaya ta ƙara masa ƙarfi, shi kake ji.

4/ To ka ga ba "lalacewar wuta" ba ce. Ko a Landan bugun sau 50 ne. Abin tambaya shi ne ta wace kafa ya shigo, kuma kusan kullum kafar tana cikin ɗakinka. Muna barin jaki muna dukan taiki.

5/ Sitabilaiza aikinta ɗaya: in wuta ta faɗi ƙasa da bolt 230 ta ɗaga, in ta haura ta sauke. Tana da amfani, ban musa ba. Amma ba ta taɓa bugun 50 ɗin nan. Hasali ma taransifoma ce a cikinta, in ka jingina ta da amfilifaya ƙugin ƙaruwa zai yi.

6/ Babbar kafar ita ce wannan: talabijin da dikoda na soket ɗin bangon gabas, amfilifaya na bangon yamma, ga wayar dish ta sauko daga rufi, ga wayar sauti ta haɗa su duka. An yi zobe ke nan. Ƴar ƙaramar wuta sai ta riƙa zagayawa ta cikin wayar sautin.

7/ Shi ya sa in an cire wayar ƙasa ƙugin kan tsaya. Zoben ne aka yanke. Mai gyara ya karɓi kuɗinsa, kai ka ce ya ƙware. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, don abin da ya cire shi ne kaɗai ke tsakaninka da wutar.

8/ Dubi fulogi mai ƙafa uku. Doguwar ƙafar nan ta sama, da wayarta koriya ko kore da ɗorawa, a jikin ƙarfen amfilifaya take ɗaure. In wayar wuta ta goge a ciki ta taɓa ƙarfen, nan take wutar za ta bi ta nan ta shige ƙasa, fis ya ƙone. Magana ta ƙare.

9/ In an cire ta fa? Fis ba zai ƙone ba. Kiɗa na tashi, ƙarfen na ɗauke da bolt 230, yana jiran hannu. Fis ɗin fulogi yakan kai amfiya 13, alhali abin da ya wuce kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ɗaya na iya rikita bugun zuciyar mutum.

10/ Yanzu ka tuna wa ke taɓa kayan nan. Ladan ya fito daga alwala, hannu jiƙe, ba takalmi, kan siminti, leɓe a jikin makirufo. Ƙarfen makirufon kuwa haɗe yake da jikin amfilifaya. A gida kuma yaro mai rarrafe da uwargida da ta taso daga wanke-wanke.

11/ Kada wani ya ce tsoratarwa ce. A 1972 makaɗin jita Leslie Harvey ya mutu a kan dandamali a Swansea da ke Birtaniya, makirufo marar wayar ƙasa ya taɓa. A 1976 Keith Relf na ƙungiyar Yardbirds, shi a cikin gidansa wutar jitarsa ta kashe shi.

12/ Wani zai ce "ai ajali ne". Na'am, kowa da ranarsa. Amma ba wanda ke barin rijiya buɗe tsakar gida ya ce in yaro ya faɗa ajali ne. Murfi muke sa mata.

13/ Wani kuma zai ce "gidanmu dama ba wayar ƙasa". Gaskiya ne, gidaje da yawa waya biyu kawai aka ja, ramin soket na uku fanko. Wannan ba hujja ba ce, ita ce ma cutar. Mu da ke tura tsinken ashana a soket don fulogi mai ƙafa biyu ya shiga, mun san kanmu.

14/ To mi za a yi? Gwaji na farko kyauta ne. Zare duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, ka bar sipika kawai. In ƙugin ya tafi, ba ita ce mai laifi ba. Mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka sa ƙugi ya dawo, ka kama ɓarawo.

15/ Sannan ka tara talabijin, dikoda da amfilifaya a soket ɗaya. Ka raba wayar sauti da wayar wuta, kar ka nannaɗe su tare. In dole su haɗu, su gitta juna. Cajar waya mai araha da wasu ƙwayayen LED ma suna sa "zzzz", ka kashe su ka saurara.

16/ In zoben ya ƙi yankewa, akwai ɗan akwati mai ƙaramar taransifoma da ake sawa a kan wayar sauti ko wayar dish. Sauti na wucewa, wutar da ke zagayen ba ta wucewa. A nan ake yanke zobe, ba a fulogi ba. Makirufon masallaci kuwa a sa masa waya mai fil uku, XLR.

17/ In ka zare komai ƙugin na nan, a ciki yake. Galibi manyan kafasitoci ne suka bushe, kuma ƙarar kan fi siriri, bugu 100 maimakon 50. Zafin Afrilu da Mayu a nan yana wuce digiri 40, ƙarin digiri 10 kuwa kan rage rabin rayuwarsu. A canza su. Kai dai kar ka buɗe, suna riƙe wuta ko an kashe.

18/ Masu janareta: in ƙugin na hawa da sauka tare da kukan injin, daga nan yake. Masu sola: inbata mai araha wutarta kaifi-kaifi take fitowa, dole sipika ta yi tsiwa. Don sauti, nemi mai wuta sumul irin ta layi. Araha ba ta ado.

19/ Babban aiki: a kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a ja wayarta har kowane soket. Ƙasarmu rairayi ce, da rani ta bushe ƙamas, sai a zaɓi wuri mai danshi. Gawayi da gishiri da ake zubawa na taimakawa, amma gishiri na cin sandar, a riƙa dubawa. A ƙara da RCD, makunnin da ke yanke wuta da kansa in ta fara bin jikin mutum.

20/ Lura: na'urar da ta zo daga kamfani da fulogi mai ƙafa biyu, da alamar murabba'i cikin murabba'i, haka aka ƙera ta, ba komai. Magana kan wadda ta zo da uku ce, wani ya mayar da ita biyu.

21/ Masu gyara, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, Sanyinna, Jabo da Kuchi: sana'arku muna girmama ta, ba ku duka ke yi ba. Amma wanda ya cire wayar nan ya yi shiru, amana ya ci. Ka gaya wa mai kaya gaskiya ko da zai ce ka cika tsada.

22/ Kwamitocin masallatai, wanga aiki naku ne. Kafin Juma'a mai zuwa a kira mai wayarin ya kwance fulogin amfilifaya a gabanku. In koriyar waya na lilo, a mayar da ita a ranar. Ka tura wa wanda ke riƙe da makullin ɗakin sipika na unguwarku. Allah ya tsare mu.