Mai Ciwon Sikila Ba Rago Ba Ne

Sau da yawa magidanci a Sabon Ibadan ko Agege yakan yi fushi in ɗansa mai amosanin jini ya dakatar da karatun jami'a, har ya ce an yi asarar kuɗi. Wannan kuskure ne. Ciwon nan gado ne daga uwa da uba duka biyu. Maimakon gori, sai a nema masa izinin ɗage karatun, ko a mai da shi jami'ar NOUN, inda a ke karatu daga gida. A riƙa kai shi cibiyar sikila ta Idi-Araba a Ikko. Kada kuma a tura shi dako, gama wahala da ƙishirwa su ke ta da ciwon. Jinkirin shekara guda bai kai asarar rai ba.