Lambu a cikin buhu: Ganyen miya a ƙofar ɗakinki

Tsadar cefane ta sa gidaje da dama sun rage cin ganye, alhali yara da masu juna biyu sun fi kowa buƙatarsa. Ko gidan haya kike a Agege ko Sabo ta Ibadan, muddin akwai lungun da ke samun rana awa 6, kina da lambu.

Nemi buhun shinkafa ko tsohon bokiti, ban da wanda aka taɓa zuba wa fenti ko maganin ƙwari. Huda gindinsa, domin kwantaccen ruwa na ruɓar da saiwa, ga tara sauro. Cika shi da baƙar ƙasa haɗe da busasshen kashin awaki. In alayyafo kika shuka, wata guda kin fara tsinka.

Attaruhu da na'a-na'a kuwa, leƙa wurin masu sayar da dashe. Kada tsawo ya ruɗe ki, zaɓi gajere mai kaurin jiki. Juya ganyen ki duba bayansa, nan ƙwari ke ɓuya. Ki dasa da yamma, kuma kada ki yi ban ruwa da ruwan kwata, tunda cikin iyalinki za shi.

Fara da buhu biyu kawai. Allah Ya sa albarka.