Ra'ayinmu: Doka ta ce ɗaya, fargaba ta sa aka ba da biyu

A 2017 da 2021, da gasar hokin ƙanƙara ta NHL ta karɓi sabon kulob, ƙa'ida ta ba shi damar ɗaukar ɗan wasa ɗaya daga kowane tsohon kulob da abin ya shafa. Tsofaffin na iya killace 'yan gaba bakwai, 'yan baya uku da gola ɗaya, ko kuma 'yan wasa takwas da gola. Daga nan cinikin bayan fage ke farawa: manaja ya miƙa wa baƙon wani matashi ko gurbin zaɓen sabbin 'yan wasa, da sharaɗin ya kau da kai daga wanda ake ji da shi.

Masu wannan dabara suna da hujja. Kulob mai tarin gwanaye ba zai iya killace kowa ba, ga kuma iyakar albashi da gasar ta gindaya. A 2017 Pittsburgh na da gola biyu, Matt Murray da Marc-André Fleury. Ta haɗa wa sabon kulob ɗin Vegas da gurbin zaɓe don ya ɗauki Fleury, ta huta da nauyin albashinsa. Wannan lissafi ne mai ma'ana.

Sai dai akasarin cinikin shekarar bai yi wa masu shi daɗi ba. Anaheim ta sallama Shea Theodore, Minnesota ta sallama Alex Tuch. Columbus ta ba da gurbin zagayen farko, Vegas ta ɗauki William Karlsson, wanda ya ci ƙwallo 43 a kakar farko. Florida kuwa ta bar Jonathan Marchessault, ta ƙara da Reilly Smith. Vegas ta kai wasan ƙarshe na kofin Stanley a 2018, ta ɗauke shi a 2023 bayan doke Florida ɗin, kuma Marchessault ne gwarzon wasannin.

Da Seattle ta zo a 2021, manajoji sun riga sun ɗauki darasi, akasarinsu suka ƙi biyan farashin da manajan Seattle, Ron Francis, ya nema. Montreal ma ta bar golanta Carey Price a fili, Seattle ta duba albashinsa da lafiyarsa ta wuce.

A ganinmu, wannan matsayi na biyu ya fi dacewa. Cinikin gefe yana da amfani idan kwantiragi mai nauyi ake son saukewa. Amma a ba da matashin da ba a gama sanin darajarsa ba don kare ɗan wasa na takwas a jerin 'yan gaba, kuskure ne da bai kamata a maimaita ba idan gasar ta sake karɓar sabon kulob.