Bayan soke koyarwa da harshen uwa, me ya rage wa malamin lissafi?

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta jingine manufar koyar da ɗaliban firamare da harshen uwa, wadda aka amince da ita a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu. Turanci ne zai zama harshen koyarwa tun daga tushe. Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Hujjar tana da rauni, domin yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ma kammala firamare ba, balle ya zauna WAEC. Amma ita ma manufar ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba: an sanar da ita alhali babu isassun littattafai, babu malaman da aka horar. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, lissafi ma a ciki, ya yi nasara ne saboda an zauna an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomi, an horar da malamai.

Abin da sanarwar ba ta taɓa ba shi ne inda malami zai ɗebo misalansa. Yarinyar da ke taya mahaifiyarta awo ta san mudu nawa ne a tiya, kuma ba ta kuskuren canji. Bahaushe kan ce "ashirin ba biyu" yana nufin 18, wato ɗebewa ce zaune a cikin ƙirga, kamar yadda Bayarabe ke gina manyan lambobinsa a kan ashirin-ashirin. Ɗalibin Islamiyya da ya ji rabon gado ya riga ya haɗu da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni kafin a rubuta masa 1/8 a allo. Sai ga shi yana shiga aji a ɗauke shi tamkar bai san komai ba. Ko sunan Muhammad al-Kashinawi, malamin Katsina da ya yi rubutu kan jadawalin lambobi masu daidaiton jimla a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira, da wuya ɗalibi ya ji shi a makaranta.

Babu dokar da ta hana malami ya fara darasi daga tiya ya ƙare da alamar Turanci. Abin da ke hana shi shi ne hedimasta da sufeton da ke auna aiki da yawan shafukan da aka kwafa. A nan ne ma'aikatan tarayya ke da ta cewa. Hukumar NERDC ce ke tsara manhaja da jagoran malami, UBEC na ware wani kaso na kuɗinta don horar da malamai, ga kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa a Kwali. Duk jami'in da fayil ɗin bitar malamai ya zo teburinsa yana iya tambayar ko an saka shugabannin makarantu a jerin mahalarta, kuma ko misalan da ke cikin takardun bitar daga kasuwar garin yaran aka samo su.