"A Yi Haƙuri" Ba Ta Biyan Ɓarna

A ƙauyukan Magarya da Dungas, wanda aka cuta ya yi shiru shi ake kira mai ladabi. Shanu sun kwana a gonar wake, an taru ƙofar mai gari, mai gona bai gama bayani ba dattawa sun tare shi: "Haba malam, a yi haƙuri, a bar wa Allah." Ya haɗiye maganarsa, ya karkaɗe riga, ya kama hanyar gida. Kowa ya ce an sasanta. Ni kuwa na ce an binne garwashi ne cikin toka.

Ku bi mutumin nan zuwa damina. Zai ƙara kunya biyu cikin burtali, yana ganin ya rama. Bafulatani ya iso da garke ya tarar hanya ta matse, ya kai kuka ga arɗo, shi ma a ce masa ya yi haƙuri. Ran da masu haƙurin nan biyu suka haɗu a bakin gona, sanda da adda ne za su yi magana. Toda ta jihar Maradi ta isa ishara: a 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka sama da ɗari a can, akasarinsu mata da yara.

A ƙasar da gonaki suka haɗe baki da baki tun daga Wacha har Dogo-Dogo, ladabi shi ne ka saurari ƙarar maƙwabcinka har ƙarshe, ka faɗi taka ba zagi, a je gona a auna ɓarna, a biya. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye don wannan aiki, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi 'yancin zirga-zirga. Amma doka ba ta jin ƙarar da aka hana fitowa.

Muna alfahari da wasan taubasantaka da UNESCO ta karrama a 2014. To, ai darajarsa ke nan: Babarbare ya faɗa wa Bafulatani magana mai ɗaci ido da ido, su tashi suna dariya. Kakanninmu sun san zumunci yana ɗaukar gaskiya.

Ranku ya daɗe, masu gari da arɗaɗe, ku bar mai ƙara ya gama maganarsa. Ku yanke gaskiya tukuna, sannan ku roƙi haƙuri. Wanda aka biya haƙƙinsa yakan yafe har zuciya.