"Kullum" Ba Ta Isa Ba: Yadda Hausa Ke Bayyana Aikin da Ba Ya Yankewa

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya saba duba takardun fassara na ɗaliban sakandare ya san cewa akwai kalmomi biyu da suka zame musu sandar dogarawa, wato "kullum" da "ci gaba da". Da zarar yaro ya ci karo da kalmar Ingilishi mai nuna dawwama ko aikin da ba ya tsayawa, kamar always ko forever ko continuously, sai ya jefa ɗaya daga cikin biyun ya wuce. Ra'ayina shi ne, laifin ba na yaro ba ne, na irin koyarwar da ke nuna masa cewa kowace kalmar Ingilishi tana da takwara guda a Hausa ne. Hausa ta fi ɗora wannan ma'ana a kan aikatau da abin da ke rakiyarsa, kuma can ya kamata malami ya karkata hankalin ɗalibansa.

2.0 Darasi Daga Italiyanci

Wannan matsala ba ta Hausa kaɗai ba ce. Italiyanci, wanda ya fi Hausa kusa da Ingilishi ta fuskar asali, shi ma ba ya bin sa kalma da kalma. Gaskiya ne ƙamus zai ba ka sempre a matsayin always, da per sempre a matsayin forever, da senza fine ga abin da ba shi da iyaka. Amma inda Bature ɗan Ingila zai ce it has been raining since morning, Ba'italiye cewa yake yi piove da stamattina, wato ya yi amfani da lokaci mai ci, ya haɗa da kalmar da ke nufin "tun". Haka Bahaushe yake yi: "Tun safe ake ruwa." Bugu da ƙari, a tatsuniyoyinsu idan tafiya ta yi nisa sukan ce cammina, cammina, daidai da yadda tsohuwa ke cewa, "Ya yi ta tafiya, ya yi ta tafiya." Piano piano ɗinsu kuwa shi ne "sannu-sannu" namu. Ɗaliban da ke koyon Hausa a Jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli suna da abin da za su jingina da shi a harshensu. To, idan har harsunan Turai biyu ba su dace kalma da kalma ba, ina dalilin tilasta wa Hausa ta dace da Ingilishi?

3.0 Taskar da Hausa Ta Mallaka

Mu dubi waɗannan jimloli huɗu da ma'aikacin asibiti zai iya faɗa wa majinyaci:

(a) Ka riƙa shan magani.
(b) Ka ci gaba da shan magani.
(c) Ka yi ta shan magani.
(d) Kakan sha magani?

Jimla ta (a) tana nufin a sha a kai a kai bisa ƙa'ida, kuma "dinga" tana iya maye gurbin "riƙa". Ta (b) tana nuna an riga an fara, kada a daina. Ta (c) ba ta yanka iyaka ba, har mai sauraro yana iya ɗauka cewa an sakar masa mara ya sha yadda ya ga dama. Ta (d) kuwa tambaya ce a kan sabo. Mai fassarar da ya sanya (c) a gurbin (a) yana iya jawo asarar rai. Ashe ke nan batun ya wuce neman maki a jarrabawa.

Hanya ta biyu ita ce ninki. Daga "buga" muna samun "bubbuga", daga "tambaya" muna samun "tantambaya", daga "fita" muna samun "firfita". Wannan yana nuna an maimaita aiki, ko mutane da yawa sun yi shi, ko ya faɗa wa abubuwa da yawa. Farfesa Paul Newman ya yi dogon bayani a kansa a littafinsa na nahawun Hausa na 2000, ya kuma nuna a wani littafin na 1990 cewa gado ne na harsunan iyalin Cadi. Ingilishi ba shi da wannan tsari, sai dai ya yi ciko da bayanau.

Hanya ta uku ita ce ta kalmomi da sassan jimla. Daga Larabci muka aro "abada" da "dawwama", muna kuma da "tutur", da "ba dare ba rana", da "ba ƙaƙƙautawa", da "har illa ma sha Allahu". Kowace da mazauninta. Ana yi wa mai laifi "ɗaurin rai da rai", ba ɗaurin har abada ba, domin mutuwa tana yanke shi. Ana yi wa aure fatan ya zama "mutu ka raba". "Madawwami" kuwa Bahaushe ya fi keɓe ta ga Mahalicci da al'amuran Lahira. Dutsen Kwatarkwashi ma, duk daɗewarsa, cewa ake yi "yana nan daram".

4.0 Karin Harshen Ɗalibi

Wanda aka tura gwajin koyarwa Tsafe ko Bunguɗu ko cikin Gusau zai iya jin yaro ya ce "shina ta tahiya", ko "shi ka zuwa" a maimakon "shi ke zuwa". Wannan ba kuskure ba ne, Hausar yamma ce, kuma tana da ƙa'idarta. Aikin malami shi ne ya rubuta sigar yaron a allo, ya rubuta ta Daidaitacciyar Hausa a gefenta, ya bayyana cewa ta biyun ce ake buƙata a rubutu. Yaron da aka kunyata saboda maganar gidansu, shi ne yake komawa ya laɓe a bayan "kullum".

Wani zai ce manhaja ta yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, kuma takwara guda ta fi sauƙin haddacewa. Haka ne, amma sauƙin na ranar jarrabawa ne kawai. Ɗaliban nan su ne za su zama 'yan jarida da tafintocin kotu da ma'aikatan lafiya, kuma abin da aka shuka a aji shi za a girba a can.

5.0 Kammalawa

Shawarata ga malamin gobe ita ce, kada ya ba ɗalibi kalma tsirara ya ce ya fassara. Ya ba shi cikakkiyar jimla, sannan ya koya masa yin tambayoyi uku: Aikin yana yankewa ya dawo, ko ba ya yankewa? An riga an fara shi, ko yanzu za a fara? Yana da ranar ƙarewa, ko babu? Amsoshin su ne za su nuna masa ko "riƙa" ce ta dace, ko "yi ta", ko ninki, ko "har abada". Ƙamus abokin tafiya ne, amma kunnen da ya tashi cikin harshe shi ne alƙali.