RA'AYINMU: HAWAN JINI DA CIWON SUKARI A ƘASAR KURA

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin mulkin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama rumbun abincin Jihar Kano. Ruwan da ke bin magudanan Kadawa, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, ya ba manomi damar shuka shinkafa da alkama da tumatir da albasa rani da damina. Amma duk lokacin da aka zo maganar lafiyar waɗannan bayin Allah, ba a wuce zazzaɓin cizon sauro da tsargiya. Lalle cututtuka ne na gaske, sai dai akwai wasu biyu da ke cin mutane a ɓoye, wato hawan jini da ciwon sukari.

Mugun halin waɗannan cututtuka shi ne ba sa sallama. Mutum yakan shekara da shekaru jininsa ya haura 140 bisa 90 yana ta ban-ruwa bai sani ba, sai ran da ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, sa'an nan a ce jifa ne ko iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Haka sukari yake lalata ido da ƙoda, ya sa ɗan miki a ƙafa ya ƙi warkewa, ga manomin da ke wuni a cikin taɓo ba takalmi.

Babbar matsalar kuwa ita ce yanke magani. Da yawa sukan karɓi ƙwayoyi na wata guda, da zarar jiri ya lafa sai su ce sun warke. Alhali manomin Kadawa ya fi kowa sanin cewa ba a shayar da alkama sau ɗaya a ce an gama. Wanda ya tsallake ban-ruwa ya yi asarar gona. To, haka maganin hawan jini da na sukari suke: kullum ne, kuma galibi har ƙarshen rayuwa. Ba ma ɗora wa talaka laifi shi kaɗai, domin tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo. Amma ƙwayar amlodipine ko metformin ta wata guda ba ta kama ƙafar kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya a Asibitin Malam Aminu Kano ba.

Saboda haka muna kira ga hukuma da abubuwa uku. Na farko, shirin kula da hawan jini da aka fara a ƙananan asibitocin Kano a 2020 ya kai kowane ɗakin shan magani na yankin, da na'urar awo mai aiki da magani wanda ba ya yankewa. Na biyu, a kai awon kasuwannin shinkafa da na tumatir, inda jama'a suke. Na uku, a shigar da ƙungiyoyin manoma cikin asusun taimakekeniyar lafiya na jiha, a kuma karɓi kuɗinsu lokacin kaka, sa'ad da aljihu ke da nauyi.

Mu kuma ɗalibai da ƙananan ma'aikata, 'ya'yan manoman nan ne, da guminsu aka biya mana kuɗin makaranta. Wanda ya je hutu ya raka mahaifansa a auna su, ya rubuta sakamakon a takarda, ya tuna musu ranar komawa asibiti. A gaya wa iyayenmu mata su rage gishiri da ɗanɗano a miya, domin abin da ya halatta ga babba a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokali guda. Wanda ya fara ɗaukar albashi ya ware kuɗin maganin tsohonsa kafin na sabuwar shadda.

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu ikon kula da waɗanda suka ciyar da mu, amin.